Sunayen da Ruƙayya ta Goge

Dakar, 9 ga Oktoba 1998

Taubashiyata Ruƙayya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Hamza, da Gwaggo Lami da ƙafar nan tata da ke tashi duk ƙarshen damina. Ki gaida Baba ki ce masa ina nan lafiya, karatu na tafiya. Ba abin da ke damuna sai shinkafa da kifi da suka bi ni rana da dare, har na fara mafarkin tuwon gero.

Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta sauran, don na san ki da tsalle. Abin nan da na daɗe ina yi miki alkawari ya kammala! Kin ga ordinatar ɗin, wato kwamfuta, da furojen raya karkara ya tashi ya bari a biro, ofishin ƙungiyarku ta masu lambu, wanda kike lulluɓewa da zane kina buga wasiƙa ɗaya a wata? To na rubuta masa lojisiyel, wato tsarin aikin da zai riƙa bi, na rabon ruwa. Ki zuba masa sunan kowane mai lambu, da girman filinsa, da abin da ya shuka, da motopom ɗin da ke jawo masa ruwa daga tabki. Shi kuma zai fitar miki da wanda zai sha ruwa yau da wanda zai sha gobe, har da taswirar lambunan a takarda. Rigimar nan ta ni ne yau, a'a ni ne, da ake kaiwa har gaban mai gari, in Allah ya so ta ƙare.

Kuma da Hausa yake magana, Ruƙayya. Ranar da na ga ya rubuta "Lambun Tanko, Talata da safe" a ekran, wato fuskar injin, na tashi na yi ta zagaya ɗaki ina dariya ni kaɗai, har abokin zamana ya tambaye ni ko haihuwa aka yi mini.

Na ba Alhassan, ɗan kasuwar nan na Maraɗi da ke zuwa sayen kaya, faifan disket biyu ya kawo miki tare da bayanin yadda za ki saka. Na farko shi ne aikin. Na biyu asalin rubutun ne da takardun lisans, abin da mutanen Katsina ke ce wa lasisi. Ba komai na ƙera daga tushe ba. Akwai mutane a duniya da ke rubuta irin waɗannan abubuwa su zuba a Intanet kowa ya ɗauka kyauta, sai na ɗebo guntaye na mutum uku na haɗa da nawa. In kin kunna za ki ga shafin godiya da sunayensu kafin aiki ya buɗe, ki danna kowane maɓalli zai wuce.

Ki rubuto da sauri, kar ki yi mini halin nan naki na sai an yi ruwa an ɗauke.

Taubashinki,
Shu'aibu


Madarumfa, 3 ga Nuwamba 1998

Shu'aibu sarkin surutu,

Na amsa sallamarka. Kowa lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi, Hamza ya koma lekwal koyar da 'yan ajinsa, yana gaishe ka. Gero ya yi albarka bana, tabki ya cika har ya shafe wurin da muke wanki muna yara. Tuwon da kake mafarki kuwa yanzun nan na tashi daga kansa, da miyar kuka, kai dai ka ci gaba da shinkafarka.

Ya yi aiki! Wallahi ya yi. Na sa aka tada gurup, injin wutarmu, na bi bayaninka, na yi kwanaki ina zuba sunaye har yatsuna suka sage. Ranar da takardar farko ta fito daga injin bugawa biro ya cika har taga. Masu albasa da masu tumatir da ba sa gaisawa tun bara saboda ruwa, ga su kafaɗa da kafaɗa kowa na neman lambunsa a taswira. Wani ya rantse injin ya rage masa fili, aka ɗunguma aka je aka auna, ashe shi ne ya daɗe yana ƙara wa kansa. An yi dariya har da masu riƙe ciki.

Babanka, Kawu Tanko, ya zo da taɓo a ƙafa, ya tsaya bakin ƙofa ya ƙi shiga. Na kai masa takardar na ɗora yatsa a kan lambunsa. Ya ninke ta ya sa a aljihu, amma Inna ta ce tun ranar ba gidan da bai shiga da ita ba.

Kai ba ka san abin da tsohon nan ke haɗiya ba tun tafiyarka, don ba a rubuta maka. Alhaji Yahaya mai motoci na garin Ɗan Issa, wanda suka tashi tare, duk ranar kasuwa sai ya tare shi cikin mutane ya tambaya ko mutumin Dakar ya gama karatun, ko sai ya yi furfura tukuna. Shi dai 'ya'yansa ba su taɓa shiga aji ba amma ga su da kamiyo, manyan motocin kaya. Kawu sai ya yi murmushi ya wuce, ya zo gidanmu ya zauna, Inna ta dama masa fura ya kasa sha. Na tsani ranar kasuwa saboda wannan.

To yanzu lokacinmu ya zo. Shugaban ƙungiya ya ce za a yi bikin buɗewa bayan ƙaramar salla, har an kai wa sufurefe, mai mulkin gundumarmu, goron gayyata. Kawu da ƙafarsa ya je wurin Ɗan Baba sanƙira, mai shelar nan da ba a biki sai da shi. Ɗan Baba ya zo ya tambaye ni me zai faɗa, na gaya masa, kuma har ya fara gwaji a kasuwa: ɗan Tanko shi kaɗai ya yi, ba Nasara ba Balarabe. Da ka ji yadda yake jan "kaɗai" ɗin nan da tsigar jikinka ta tashi.

Af, na kusa mantawa. Shafin nan na sunayen baƙi da ka ce in danna ya wuce, na hutar da kowa, na nemo inda yake na goge shi gaba ɗaya. Ka ga amfanin horon da na je Maraɗi kana yi mini dariya. Tun ranar farko wani malamin gona ya leƙa ya ce su wane ne waɗannan, na ce masa masu ƙera injin ne. In Alhaji Yahaya ya ji akwai sunan Nasara a ciki ka san abin da zai faɗa, ni kuwa ba zan bari ba. Ƙungiyar garin Safo da ta Ɗan Issa sun roƙa, na kwafa musu disket na farko. Na biyun Ingilishi ne zalla, na adana maka shi a akwati.

Ka gode mini in ka samu sarari.

Ruƙayya


Dakar, 12 ga Nuwamba 1998

Ruƙayya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da kowa da kowa. Ni lafiya, sai mura da ta ɗan taɓa ni ta wuce. Har yau ban ga wasiƙarki ba, amma Alhassan ya yi wa wani ɗan'uwansa waya ya ce aiki ya tashi a Madarumfa, kuma ba zan iya jira da labarin da ke bakina ba.

Na rubuta wa mutanen nan uku ta wasiƙar Intanet, wadda ke isa ko'ina cikin yini. Ban sa rai za su kula ni ba. Duk sun amsa!

Iolanda, wadda ta rubuta guntun da ke zana taswira, malama ce a Burazil. Ta ce ta yi shi ne don gonakin rake na yankinsu, ba ta taɓa zaton zai zana lambun albasa a Nijar ba, har ta ɗauko taswirar duniya tana neman Maraɗi da ɗiyarta. Suryadi na Indunisiya, mai guntun da ke lissafin kwanan wata har da watannin Musulunci, na gaya masa wata na zame masa a wani wuri. Kafin mako ya zagayo ya gyara ya aiko, ya kuma ce in gaida masu lambu da sallama. Henrik na Danmak, mai guntun da ke adana sunaye, mutum ne mai gajeriyar magana, layi biyu ya rubuto, amma ya ce in aiko masa da kalmomin Hausar da na saka ya ajiye wa duk mai so. Kin ji, Hausar Madarumfa za ta zauna a Danmak.

Na gaya musu kullum da safe in kin kunna injin, sunayensu ne ke fara fitowa a gaban manoma. Iolanda ta roƙi abu ɗaya tak, wai a ɗauko mata hoton ekran ɗin da sunanta a kai da masu lambu a tsaye kewaye, za ta liƙa a ƙofar ofishinta. Na ce mata an gama. Don Allah ki sa Hamza ya nemo mai hoto daga Maraɗi, kuma ki tabbata Baba na ciki, ko da zai ɓata fuska kamar yadda ya saba.

Rabon da in yi farin ciki irin wannan na manta.

Shu'aibu


Dakar, 27 ga Nuwamba 1998

Ruƙayya,

Ina fata kuna lafiya. Wasiƙarki ta zo jiya. Na karanta ina murna har na kai ƙarshe, daga nan ban iya cin abinci ba.

Don me kika yi haka? Shafin nan ba ado ba ne. Mutanen nan ba su nemi ko dala ba, amma kowanne ya ba da aikinsa da sharaɗi a rubuce, kuma ranar da na ɗauka na amince ke nan. Lasisin Iolanda da na Suryadi sun ce ka yi abin da ka ga dama da aikin, ka gyara, ka raba, amma sunanmu da takardarmu su bi shi duk inda ya je. Na Henrik, wanda ake kira GPL, ya ƙara da cewa duk wanda ka ba sai ka ba shi har da asalin rubutun, kuma kar ka hana shi abin da kai ba a hana ka ba. Shi ya sa nawa ma na ɗora shi a kan wannan sharaɗin. Yanzu ga shi a Safo da Ɗan Issa ba suna ba takarda, ga sanƙira na yawo a kasuwa yana cewa ni kaɗai.

Na sani ba ɗan sandan da zai taso daga Burazil ya zo Madarumfa. Wannan ne ma ya fi ci mini rai. Sun yarda da mutumin da ba su taɓa gani ba, na kuma buɗe baki na ce musu sunayensu na fitowa kowace safiya, alhali tuni kin share. Kin mayar da ni maƙaryaci ban sani ba.

Laifina ne da ban yi miki bayani sosai ba tun farko, na ɗauka abin a fili yake. Amma ga maganata. Shafin yana nan a disket na biyu, ki mayar da shi. Ki kwafa wa Safo da Ɗan Issa na biyun. Ɗan Baba ya cire "kaɗai" daga bakinsa. In ba za a yi haka ba, ki mayar da zanenki ki lulluɓe injin, kuma kar a kama sunana a bikin kowa.

Abin da kika faɗa kan Alhaji Yahaya ya yi mini zafi, ban san haka ake yi wa Baba ba. Amma ba zan wanke shi da ƙarya ba.

Shu'aibu


Madarumfa, 21 ga Disamba 1998

Malam Shu'aibu, tunda yanzu alƙali ka zama,

Barka da shan ruwa. Mun ɗauki azumi lafiya, Inna ma ta ɗauka duk da mun hana ta. Babanka lafiya lau, ya fi kowa lafiya a garin nan, kuma shi ne abin da ya sa na rasa barci.

Hamza ya je Maraɗi ya buɗe akwatinmu na gidan waya ya tarar da wasiƙunka biyu tare. Na fara da ta farin cikin. Ina karantawa ina dariya, da na zo wurin hoton da matar nan ta roƙa sai dariyar ta tsaya, tun kafin in buɗe ta biyun na san abin da ke ciki. Ba sai ka yi mini ihu ba, na gane. Disket na biyu ya tafi Safo da Ɗan Issa tun shekaranjiya, wannan ba wuya.

Amma shafin ban mayar ba, kuma bari in gaya maka dalili tunda kai daga nesa kake yanke hukunci. Kai kana jin kunyar matar da ba ka taɓa gani ba, ni ina jin tausayin tsohon da nake gani kullum. Ka san ya kai shadda wurin tela? Kawu Tanko, da rigarsa ɗaya ta salla tun muna yara. Ragon da yake turke ya ce na bikin ne. Ranar kasuwar da ta wuce shi ya fara yi wa Alhaji Yahaya sallama, ya ce masa ya zo biki ya ga abin da yaron ya yi shi ɗaya. Gari duk ya ɗauka, kuma na sani daga bakina aka ɗauka, ba sai ka tuna mini ba.

Yanzu kana so ranar biki, gaban sufurefe, in kunna inji sunan Nasara ya fito, Alhaji ya kalli Kawu ya yi dariyar nan tasa? Mutanenmu ba su san lasisi ba, Shu'aibu. Abin da za su ce shi ne Turawa suka yi, ɗan Tanko ya ɗora sunansa. Shekara shida yana jiran rana ɗaya, kai kuma ka ce in lulluɓe ta da zane.

Na yi fushi da kai ƙwarai, na kuma san kana da gaskiya, abin da ya ƙara mini fushin ke nan. Ga abin da zan iya. Ni ba zan gaya masa ba, bakina ba zai iya ba. Kai ɗansa ne, ka rubuto masa da hannunka, ni kuwa zan karanta masa kalma da kalma ba ragi ba ƙari. Abin da ya ce shi za a yi. In ya ce a fasa biki, kai ka jawo. Ka hanzarta, salla ba ta jiran wasiƙa.

Ruƙayya


Dakar, 7 ga Janairu 1999

Ruƙayya, na yarda. Ga ta nan, ki karanta masa in ya sha ruwa ya huta, kuma kar ki gyara mini magana.

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina yi maka barka da azumi, Allah ya karɓi ibada ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina nan lafiya da albarkarka.

Baba, akwai maganar da ta kamata ka ji daga gare ni kafin ranar biki. Aikin nan na rabon ruwa ba ni kaɗai na yi shi ba. Ni na tsara shi, ni na haɗa, ni na sa masa Hausa da lambunanmu, amma akwai mutum uku da na ɗauki aikinsu na gina nawa a kai. Wata mata ce a ƙasar Burazil, da wani Musulmi a Indunisiya, da wani Bature a Danmak. Kowannensu daga garinsa ya yi nasa. Ba su karɓi komai a hannuna ba. Abin da suka ce kawai shi ne a faɗi sunansu duk inda aikin ya je, kuma wanda ya amfana ya bar wa na bayansa hanya a buɗe. Na yi musu alkawarin haka.

An cire sunayensu daga injin don a kare mutuncinka, ba da mugun nufi ba. Ina roƙon ka yarda a mayar, kuma Ɗan Baba ya daina cewa ni kaɗai. Na san abin da mutane za su faɗa, na san kuma a kanka zai sauka ba a kaina ba, ni da nake nesa. Na daɗe ina so in kawo maka abin da za ka ɗaga kai da shi, ga shi na kawo ragagge. Ka gafarce ni. In ka ga a fasa bikin ya fi, ba zan ce komai ba.

Ɗanka


Madarumfa, 10 ga Fabrairu 1999

Shu'aibu,

An yi salla lafiya, an yi biki lafiya, kowa na gaishe ka. Sauran gaisuwa ka biyo ni bashi, yau ba ni da haƙurinta.

Wasiƙarka ba ta iso ba sai bayan salla, biki saura 'yan kwanaki. Na sami Kawu a lambu da hantsi yana gyara kwalbatin albasa. Na durƙusa na karanta masa. Da na gama ya ci gaba da gyaran kwalbatinsa, har na fara shirya yadda zan gaya wa shugaba an fasa. Can ya ce in sake karanta masa wurin da ka ce ba su karɓi komai ba. Na sake.

"Ko dala?" ya ce.

Na ce ko dala.

"Kowa daga garinshi ya yi nashi, anka haɗa wuri guda?"

Na ce haka ne.

"To ai gayya ce yaron ga ya kira. Mi ya ba su sunka ci?"

Na ce Kawu ba su ci komai ba, ai ba zuwa suka yi ba, ba su ma san shi ba sai daga baya. Shu'aibu, ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Maganar kaɗai ko ba kaɗai ba ko ta kanta bai bi ba. Abin da ya tsaya masa shi ne an yi wa gidansa gayya an tashi da yunwa, ba fura ba goro, sannan ni da nake 'yar ƙanwarsa na bi na shafe sunan mutanen. Ya yi mini faɗan da rabona da irinsa tun ina 'yar talla. Na yi ta ƙoƙarin in fahimtar da shi cewa aikin nasu a ajiye yake tun da daɗewa don kowa, ba kai ka kira su ba. Ya ce wannan ya ƙara musu girma, bai rage musu haƙƙi ba.

Ranar na mayar da shafin. Shi kuma ya wuce wurin masunta. Yanzu haka akwai kwali a hannun Alhassan yana tafe gare ka, ɗauri uku na bandar kifin tabki, kowane da goro da busasshen tumatir na lambunsa. Na ce wa Kawu ba a aika kifi Burazil, ya ce mai ilimi ba zai rasa dabara ba. Yadda za ka yi da su ruwanka, ni dai na faɗa maka kwalin na wari.

Sai ya sa ni koya masa sunayen. Kullum bayan la'asar yana zaune ƙofar biro yana maimaitawa, Iolanda, Suryadi, Henrik, in ya karkace in gyara. Na ce bari in rubuta wa Ɗan Baba a takarda, ya ce a'a, a gayya mai gona ke faɗa wa sanƙira suna a kunne, sanƙira ya ɗaga.

Ranar biki sufurefe bai samu zuwa ba, mataimakinsa ya aiko. Gurup ya ƙi tashi sai da aka yi ta ja, ni kuwa gumi har cikin takalmi. Muka fito da injin ƙarƙashin rumfa, na kunna, sunaye suka fito, malamin gona ya karanta da ƙarfi. Alhaji Yahaya na kujerar gaba. Ya gyara babbar riga ya ce, yadda kowa zai ji, ashe dai Nasara sunka yi. Aka yi dariya, ba kaɗan ba. Na ji kamar in nutse.

Kawu ya miƙe cikin sabuwar shaddarsa, bai ɗaga murya ba.

"Gaskiya ce, Alhaji, ba shi ɗaya ba ne. Kai in ka kira gayya gobe, wa za ya zo maka daga Burazil?"

Wannan dariyar ta fi ta farko, har mataimakin sufurefe ya sunkuyar da kai. Ba zan yi maka ƙarya ba, Alhaji bai sauka daga maganarsa ba, yana nan yana faɗa a kasuwa, kuma akwai masu gyaɗa masa kai. Amma Kawu ya daina kauce masa. Hoton da matar ta roƙa yana cikin ambulan ɗin nan, ga sunanta a ekran, ga Kawu a tsakiya ya ɓata fuska kamar yadda ka ce.

Daga nan aka shiga godiya. Ɗan Baba ya kai kunne, Kawu ya faɗa masa a hankali, shi kuma ya ɗaga har bakin tabki. Iolanda ta Burazil, an gode, Allah ya saka. Suryadi na Indunisiya, an gode. Da ya ce Hanariki, Kawu ya riƙe masa hannun riga sai da ya faɗa daidai. Kowane suna mata suka rangaɗa masa guɗa kamar sun san mai shi.

Da aka gama ukun Ɗan Baba ya sake kai kunne don a faɗi mai gayya. Ka san kai ɗan fari ne, tun da aka raɗa maka suna ba wanda ya taɓa jin sa a bakin Kawu, kullum yaron ga ne ko mutumin Dakar. Kowa ya ɗauka zai ce da yaron, Ɗan Baba ya cike sauran. Sai ya ɗaga kai, bai ko nufi kunnen Ɗan Baba ba, ya ce, "Da Shu'aibu."

Ɗan Baba ya buɗe baki ya rufe, bai maimaita ba, don har na bayan rumfa sun ji. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni sauran bikin ban gan shi sosai ba, Hamza ne ya kashe injin.

Na so a ce kana nan ka ji da kunnenka.

Taubashiyarka,
Ruƙayya